Kwalin tishu a kan teburin baƙi

Ranar nan ta damina da Saratu ta ƙi ba da labarinta ba ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin ina mataimakiyar malamar ɗinki a wata cibiyar koyar da mata sana'a a wajen Maikunkele. Aikina yanka yadi, zuba wa kekuna mai, da zama kusa da sababbi har ƙafarsu ta saba. Yawancin matan daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa suka fito.

Saratu manomiya ce mai 'ya'ya uku. A gona aka kashe mijinta, tana gani. Shugabar cibiyar, wadda muke kira Madam, ta lura cewa in Saratu ta ba da labarin nan har maza hawaye suke yi. Shi ke nan ta mayar da ita abin nuna wa baƙi. Duk sanda masu kawo tallafi za su zo, sai a ajiye mata kujera a gaba, a saita kyamara. Madam da bakinta ta ce da ni, "Maman Hauwa, duk cikinsu babu wadda ta kai ta iya faɗa."

Abin da baƙi ba sa tsayawa su gani shi ne washegari. Wuyan Saratu ya sandare, ta yi ta amai, ko zare ba ta iya zurawa a allura. Ko mai acaɓa ya wuce ta bakin taga sai ta zabura. Madam ta ce maleriya ce, a ba ta fanadol. Maleriyar da ba ta zuwa sai an yi baƙi.

Daga baya aka turo mana Malama Rifkatu, ma'aikaciyar lafiyar ƙwaƙwalwa, tana zuwa duk Laraba. Ita ta fahimtar da mu cewa wanda ya ga tashin hankali, jikinsa yakan ci gaba da gudu ko da shi yana zaune lafiya, kuma tilasta masa maimaita labarin mayar da shi wurin ne. Ta koya wa Saratu ta danna tafin ƙafa a ƙasa, ta ja numfashi a hankali, ta ambaci abubuwan da take gani a ɗakin. A zamansu, Saratu ke zaɓar inda za ta fara da inda za ta tsaya.

Malama Rifkatu ta gaya wa Madam a daina. Madam ta ce, "To baƙin me za su gani? Keken ɗinki? Ba su da shi a garinsu?"

Da wasu baƙin suka tashi zuwa, ba ranar Laraba Madam ta sa ba. Ta aika Kasuwar Kure aka sayo lemo da kwalin tishu mai furanni, aka ɗora shi a tsakiyar tebur. An tanadi kukan tun ba a yi shi ba.

Bayan jawabai Madam ta ce, "Saratu, zo ki gaya wa iyayenmu abin da ya same ki."

Saratu ta miƙe. Ina kusa da ita, na ga ta zare silifas ta danna ƙafa a siminti, ta ja numfashi. Sannan ta ce, "Madam, yau ba zan faɗa ba. Amma ga rigar makaranta da na ɗinka wa Luka."

Ta ɗaga rigar ɗanta. Wani mai babbar riga ya sunkuya ya tambayi Madam, "Ba ita ce mai labarin ba?" Mai kyamara ya sauke kyamararsa. Ba wanda ya taɓa rigar, ko ya duba yadda aljihun ya zauna. Suka sha lemo suka tafi da wuri. Madam ta ce wa Saratu butulu, ta ɗauki tishunta ta saka a mota.

Washegari Saratu ta riga ni zuwa. Ba amai, ba ciwon wuya. Ta ɗauki zare ta zura, ta ce, "Maman Hauwa, miƙo min almakashi."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, za ku ga masu tausayi iri-iri. Akwai wanda tausayinsa ba ya motsi sai an buɗe masa ciwon ya leƙa. In ya zo, ku ba shi lemo, ku nuna masa ɗinki. In bai ƙoshi ba, ya tafi da tishunsa.