Ranar da Baba Ya Ƙi Shiga Motar Murshid

Shekarar da likita ya ce idon Baba sai dai haƙuri, ita ce shekarar da yayana ya yanko mana tikitin jirgin ruwa, irin wanda ake kwana a ciki yana yawo da mutane a teku. A wani tsibiri na Tafkin Chadi aka haifi Baba, cikin masunta, amma tun yana saurayi ya zo Madina ya kama sayar da dabino a unguwar Ƙuba, bai ƙara zama kusa da ruwa ba. Burinsa ɗaya ne, ya ga ruwa mai faɗi kafin hasken idonsa ya ƙarasa tafiya. Aiki ya riƙe yaya, sai aka ce ni auta in raka shi.

A Yanbu, garin bakin teku, muka hau. Jakar Baba rabinta dabino ne. Na ce, "Baba, shago za ka buɗe a teku?"

Ya ce, "Mutumin Madina ba ya shiga garin mutane hannu Rabbana."

Washegari jirgin ya tsaya a wani ƙaramin tsibiri. Aka ce mai so ya bi murshid, wato ɗan jagora, cikin mota mai sanyi. Wanda ba ya so ya taka da ƙafarsa, amma ya dawo kafin la'asar, jirgi ba ya jiran kowa. Ni tuni na yanke, mota za mu bi. Ga tsoho mai raunin ido, ga gari ba mu san kowa ba, ga rana kamar ta dafa mutum.

Murshid ɗin na tsaye a bakin mota da 'yar tutarsa, yana ta zuba: za ku ga tsohuwar ganuwa, za ku duba dama, za ku duba hagu. Baba ya ɗora ƙafa a matakala, sai ya sauke ta.

"Ba na shiga."

"Haba Baba! Mutane fa mu suke jira."

"Halas, ya binti, na gama magana, 'yata. Ke ki je."

In je ina? Raina ya ɓaci, ni kuwa dama ba a raba ni da saurin fushi. Na yi ta ƙunƙuni da Larabci, don mu haifaffun Madina da shi muke faɗa. Motar ta tashi ta bar mu a rana.

Baba ko a jikinsa. Ya ɗaga hanci ya shaƙi iska, ya nuna da sanda. "Can ake shanya kifi." Muka kama hanya. Duk wanda muka gamu da shi sai Baba ya tsaya ya yi sallama, gaisuwarsa kuwa ba ta da gajeriya, sai ya tambayi gida da iyali da aiki. Ni ina gefe ina leƙen agogon waya ina tsaki a ciki.

Bayan katangar tashar muka iske ƙananan jirage a ɗaure, da wani dattijo a ƙarƙashin rumfa yana ɗinkin raga. Baba ya damtsi dabino ya miƙa masa. Dattijon ya ce daga ina? Da ya ji Madina sai ya miƙe tsaye, ya dafa ƙirji, ya ƙwala wa abokan sana'arsa kira. Suka zo suna goge hannu a riga, kowa da roƙo iri ɗaya: idan ka koma, ka isar mana da gaisuwa wurin Manzon Allah. Baba yana amsa wa kowa, "Amana ce, na karɓa."

Aka kawo shayi. Baba ya roƙi bakin ragar ya riƙe, yana bin zaren da yatsa. Ya gwada ƙulli ya kwance, ya sake ya kwance. Dattijon ya kama yatsunsa ya gyara masa, su biyun suka tuntsire da dariya kamar tare suka taso. Rabon da in ji wannan dariyar tun Inna na da rai.

Can Baba ya ce in kai shi bakin ruwa. Na naɗe masa ƙafar wando, ya shiga har idon sawu, ya tsaya. Sai ya ce, "Auta, wane launi ne?"

Na juyo na dube shi. "Baba, ba ka gani?"

"Haske kawai, kamar an shimfiɗa farin zane. Tun kafin azumi haka nake. Kada ki gaya wa yayanki, ya yi ƙoƙari." Ya motsa yatsun ƙafarsa a cikin yashi. "Yaron can mai tuta zai yi ta cewa ku duba, ku duba, kowa ya juya, ni ina zaune. Nan kuwa ga ƙarnin kifi, ga ruwa a ƙafata."

Wallahi kuka na yi, mai sauti, ban ji kunyar masunta ba. Da na samu murya na fara faɗa masa: nan kusa kore ne, can nesa shuɗi mai duhu, ga jirgi ɗaya mai jan baki yana shigowa. Ya ce, "A hankali mana, murshida, ina kike sauri?"

Sai da jirginmu ya yi ƙugi muka farga. Dattijon ya zuba mu a tsohuwar motarsa ta ɗaukar kifi, mu ne na ƙarshen hawa, abayata tana ƙarni. Waɗanda suka bi motar murshid suna ta nuna hotunan ganuwa, kuma gaskiya ta yi kyau.

Ranar da muka dawo Ƙuba, ko jaka ban kwance ba Baba ya ce a kai shi Harami, masallacin Annabi. Na ce ya huta mana tukuna. Ya ce masunta suna jira, ba a kwana da saƙon mutane. A bakin ƙofar gida ya tsaya. Baba bai taɓa yarda wani ya ja shi a titin Madina ba, ko yaya ya gwada sai ya sha faɗa. Ranar ya jingine sandarsa a bango, ya miƙo mini hannu. Na kama, muka tafi.