Amshin da Zuwaira ta bar mini

Kun daɗe ba ku ji ni ba. Masu cewa na yi fushi da rubutu, ba fushi ba ne, baki ne ya ƙwace mini.

Ina cikin aji a lakwal ɗinmu, makarantar boko ta Tasawa, alli ya suɓuce daga hannuna. Na buɗe baki in yi magana, sai gurnani.

Aka kai ni gida. Kawuna ya zo da turare, ya ce, "Wagga iska ce, ba ta likita ba ce." Matata Zuwaira ba ta yi masa musu ba, ta dai kira mai mota.

A asibiti aka ce tansiyo ce, wato hawan jini, ta hau ta taɓa ƙwaƙwalwa, aka tura mu Maraɗi. Hoton kai, awon jini, ƙarin ruwa, magani kan magani, har tumakin Zuwaira suka ƙare.

Likita ya ce, "Hannu zai dawo a hankali. Magana kam, sai mun gani."

Na ji tsoro ƙwarai. Kalma tana cikin kaina, ta ƙi fitowa. In nemi ruwa, a kawo mini bargo. Zaune ba daɗi, kwance ba daɗi.

Kun san duk sanda rubutu ya ƙafe mini, wurin tsofaffin mawaƙana nake komawa, malamin nan mai waƙoƙin wa'azi da dattijon da ya waƙe damina da noman hatsi. Na nuna a miƙo mini littattafansu. Na buɗe, haruffa kamar tururuwa. Na rufe, na juya fuska bango.

Zuwaira ta sha cewa na cika mata kunne da waƙoƙin nan, ashe ta haddace su. Wani hantsi tana murza mini hannu, ta soma rera ta damina. Da ta kai ƙarshen baiti ta yi shiru, yadda ake bar wa 'yan amshi.

Amshin ya fito daga bakina, cikakke.

Ta ce, "Malam, sake!" Na so in ce to, baki ya ƙi. Ta ja wani baitin, na amsa.

Haka muka yi ta yi har magana ta biyo waƙa. Yanzu ina magana, ko da yake da ɗingishi. Ban koma aji ba, zaman gida kuma ya ishe ni.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitoci, da ku masu addu'a. Zuwaira, Allah ya biya ki.

Ku riƙa auna tansiyo. Baki ya karkace ko hannu ya mutu, sai asibiti nan take. In naku ya rasa magana, kada ku yi zancensa a gabansa kamar ba ya nan. Yana jin ku. Ku ja masa abin da ya sani, ku yi shiru, ku jira shi.