Manjo Nuhu Didam, Kansilan da Ya Koyi Rakiyar Gawa

Haihuwa da karatu

A ranar 9 ga Maris, 1949, Allah ya albarkaci Didam, malamin majami'a a Zonkwa, da matarsa Rebecca da ɗa namiji, suka raɗa masa suna Nuhu. A makarantar mishan ta garin ya yi karatu, a zamanin da jirgin ƙasa ke isowa kan lokaci har mutane su saita agogo da kukansa.

Aikin soja da aure

Ya shiga soja a 1968, ya auri Irene, ma'aikaciyar masaƙa a Kakuri, a 1975. A 1986 aka tura shi kwas na wata shida a Tailan, inda ya ga janar-janar na tuɓe kaki su zama firaminista. Tun daga nan sha'awar mulki ta shige shi, ko da yake, kamar yadda Irene ke tsokanarsa, abin da ya dawo da shi a zahiri tukunyar dafa shinkafa ce. Ya yi ritaya a 1994 da muƙamin Manjo, ya gina gida a Kamazou, a gefen garin Kaduna, lokacin ana noma masara har bakin ƙofa.

Siyasa

A 1999 ya zama kansila. Masu shekaru na kewar zamaninsa har yau: an yashe magudanai, an gyara famfuna, taron ƙarfe goma kuwa ƙarfe goma ne. Sai dai bai san cewa a wurin mutanenmu raka gawa zuwa ƙauye ya fi kwalta daraja ba. In aka yi rasuwa, wasiƙar ta'aziyya yake aikawa, bugaggiya da hatimi, yadda aka saba a bariki. A zaɓen 2004 wani bakanike mai suna Tagwai, wanda ba a taɓa binne kowa babu shi ba, ya kayar da shi warwas.

Rasuwar Irene

A watan Yuli na 2006 Irene ta rasu. Manjo ya ɗauki hayar bas uku domin rakiya zuwa Zonkwa, amma ko ɗaya ba ta cika ba. Wasu, don ramuwa, wasiƙa suka aiko. Wannan abu ya ci masa rai matuƙa, ba don kansa ba, sai don matar da ta rayu cikin jama'a ta tafi kamar baƙuwa saboda laifinsa.

Shekarun ƙarshe

Shekara goma sha bakwai bai sake neman kujera ba, bai kuma bar wata jana'iza ta wuce shi ba, daga Kakau har Unguwar Sanusi. Shi ne mai jera kujeru, shi ne na ƙarshen tashi daga kabari. Duk da haka bai yarda an yafe masa ba. Don kada 'ya'yansa su sha kunyar da ya sha, ya bar wasiyya a binne shi a Kaduna, ba hayar mota.

Rasuwa da jana'iza

Ya rasu ranar 2 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara saba'in da huɗu. Da aka karanta wasiyyar, tsoho Tagwai ya miƙe ya ce, "Oga ya gama ba da oda. Wannan kam ba za mu bi ba, gida za mu kai shi." Ranar Asabar aka kama hanya, motar farko ta wuce Kujama ta ƙarshe ba ta bar Kamazou ba. An binne shi kusa da Irene, kuma kafin a watse matan zumuntar majami'a suka kewaye kabarinta, suka rera mata waƙar rakiyar da suka hana ta, da yawansu suna kuka.

Ya bar 'ya'ya huɗu, Tony, Vicky, Sam da Debby, da jikoki tara.