Minti Goma da Wakiliyar Marubuta

'Yata tana da shekara tara na fara littafin. Wata Asabar muka dawo daga laburaren unguwarmu a Salford, ta zube littattafan da ta aro a kan kafet, ta ce da ni cikin Turancinta na 'yan Manchester wai ita har yau ba ta taɓa karanta labarin da wani ya ci tuwo a ciki ba. Da wasa ta faɗa, ta wuce kallon talabijin. Ni kuwa maganar ta zauna mini.

A wani kemis nake aikin ba da magani. Lokacin cin abincin rana nakan shige ɗan ɗakin baya in rubuta shafi ɗaya ko rabi, da Turanci, tunda shi yaran nan suke karantawa. Labarin wata yarinya ne 'yar shekara goma sha ɗaya, haihuwar nan, da aka kai ta Funtuwa dogon hutu wurin kakarta mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Kakar nan mahaifiyata ce, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Shekara biyu ke nan da rasuwarta a lokacin. Da safe aka kira ni, kafin azahar an kai ta, ni ina nan ina duba tikitin jirgi a waya.

Shekara uku na yi kafin in gama. Sai a sannan na gane cewa a ƙasar nan manyan kamfanonin ɗab'i ba sa karɓar littafi daga hannun marubuci. Sai ka sami wakili, wanda suke kira ejen, shi zai kai maka, ya yi ciniki a madadinka. Za ka tura masa wasiƙa, da taƙaitaccen labarin, da babi uku na farko, sannan ka koma ka jira.

Na jira. Yawancinsu ba su ko amsa ba. Waɗanda suka amsa, maganarsu kusan ɗaya ce: sun gode, sun ji daɗin karantawa, amma bai dace da su ba. Na koma mai duba imel tsakanin wannan kwastoma da wancan. In wayar ta yi ƙara a aljihun rigar aiki, sai in yi sauri in duba, in ga makarantar yara ce ko ƙaramar hukuma.

Ana haka Yayata, wadda take likita a Birmingham, ta kira ni. Ta ga sanarwar wani taron marubutan littattafan yara, inda za a ba kowa minti goma ya zauna da wakili ido da ido.

"Ki zo kawai," in ji ta. "Ku kwana a wurina. Kin daɗe kina magana da mutanen da ba kya gani."

Muka hau jirgin ƙasa ni da 'yata, lokacin ta kai sha huɗu. Na bar ta a gidan Yaya a Perry Barr, na wuce cikin gari.

Babban ɗaki ne an jera tebura, ga wata da ƙararrawa a hannu tana kula da lokaci. Wadda aka haɗa ni da ita dattijuwa ce mai furfura, ta riga ta karanta shafukana, duk ta bi su da fensir. Ta ce wurin da kakar take suyar gyaɗa har ƙamshin ta ji. Zuciyata ta yi fari. Sai ta cire tabarau.

"Yarinyar nan ta taɓa zuwa garin kafin wannan tafiyar?"

Na ce a'a.

"To me ya sa ta fashe da kuka da ta ga ƙofar gidan? Me ya sa ta san sunan komai, komai kuma yana burge ta? Yaro ba ya kewar inda bai sani ba. Akwai mai kewa a littafin nan, sosai ma, amma ba yarinyar ba ce. Ina jin ke ce."

Na buɗe baki zan yi bayani, aka kaɗa ƙararrawa.

A bas ina komawa raina a ɓace yake. Na tarar da Yaya a kicin tana tuƙa tuwon shinkafa, 'yata na zaune a kan kujera tana danna waya. Na kwashe komai na faɗa.

"Rabu da ita," in ji Yaya. "Me ta sani game da Funtuwa?"

"Mami, gaskiya matar ta faɗa," in ji 'yata.

Muka juya gaba ɗaya. Tun tana sha biyu ta karanta littafin, abin da ta ce kawai a lokacin shi ne ya yi kyau.

"Ban so in ɓata miki rai ba ne," ta ce, rabi Hausa rabi Turanci. "Amma yarinyar nan ba irinmu ba ce. Ni da muka je, I hated it, na tsani wurin. Zafi, sauro, banɗakin nan da nake tsoro. Yaran gidan suna ta dariyar Hausata, suna ce mini Baturiya. Hajiya tana mini magana ba na ganewa, sai dai in gyaɗa kai. Kullum ina ƙirga kwanakin da suka rage."

Shekararta shida a waccan tafiyar, ita ce kuma kaɗai haɗuwarta da Hajiya, mahaifiyata. A tunanina ta ji daɗi. Hotunan da na ɗauka duk tana murmushi.

"Babu abin da kika so ko ɗaya?" na tambaye ta.

Ta ajiye wayar. Ta ce akwai ranar da na fita gaishe-gaishe na bar ta, tana ta kuka. Hajiya ba ta rarrashe ta ba. Ta dai jawo ta kusa, ta gutsuro tunkuza ta sa mata a hannu, ta nuna mata yadda ake murza ƙuli-ƙuli. Nata ya fito a karkace, duk ya ɓaɓɓalle. Hajiya ta soya shi daban, ta sa a ɗan kwano, yaran gidan suka miƙo hannu ta hana su. Ita kaɗai ta cinye, Hajiya tana kallonta tana jinjina kai.

Yaya ta ajiye muciya ta fita daga kicin ɗin. Ni ban taɓa jin labarin nan ba, kuma babu wanda zan sake tambaya.

Da muka koma Salford na sake littafin daga farko. Duk Lahadi bayan karin kumallo nakan ba 'yata abin da na rubuta a makon, ta bi shi da jan biro. "Babu mai magana haka, Mami." "Nan ke ce kuma." Yarinyar labarin ta koma mai ƙin cin abinci, mai neman inda waya za ta kama don ta roƙi babanta ya zo ya ɗauke ta. Shafukan da na fi so su ne suka fara fita: kiran sallar asuba daga masallacin layinmu, hanyar kasuwa bayan ruwan sama, hannun mahaifiyata yana matse mai. Ban iya goge su ba, na tara su a wani wuri daban. Littafin ya fi da kyau, na sani. Amma na ji kamar na sake barin gida.

Shekara ɗaya da rabi muka yi. Na tura wa dattijuwar nan da farko. Ta amsa da kanta, ta ce ta tuna da ni, sai dai ta daina karɓar sababbin marubuta, tana shirin ajiye aiki. Na yi wajen shekara biyu ina tura wa wasu. Wannan karon biyu suka nemi in aiko da littafin gaba ɗaya. Ɗaya ta dawo da shi da doguwar wasiƙa mai daɗi. Ɗayar kuwa wata huɗu ke nan yana hannunta, ban ji komai ba.

'Yata yanzu tana jami'a a Aston, can Birmingham, ta wuce shekarun masu karanta irin littafin da daɗewa. Watan jiya na kai mata ziyara, ta rako ni tasha. Muna tsaye muna jiran jirgin Manchester ta ce, "Sun amsa?"

"Tukuna."

"Ki tura wa wasu mana, kar ki zauna jiran mutum ɗaya." Ta gyara jakarta. "Mami, gidan Hajiya yana nan kuwa?"

Na gaya mata an raba gado, an sayar, wanda ya saya ya rushe gaban ya yi shaguna.

"Duk da haka ina son in je. In mun yi hutu. Amma tare da ke, don Hausata har yanzu abin dariya ce."

Na ce in sha Allah. Jirgi ya iso, na shiga, ta tsaya tana ɗaga mini hannu har muka tashi. Washegari da na je aiki na nemi a ba ni hutun mako uku a watan Agusta.