Mainasara da Baƙon Goronyo

Mainasara mutumin Dinawa ne a ƙasar Wurno, manomin albasa a fadama. Yana saurayi kuturta ta kama shi, aka kai shi asibitin kutare na 'yan mishan can wajen Sakkwato, zamanin mulkin Turawa. Ya daɗe a can. Ya dawo wasu yatsunsa sun dungule, ya kuma dawo yana bin Almasihu. Wansa Halliru bai kore shi ba, amma ya kafa masa bukka a bayan gari, ya ware masa ƙwaryar shan ruwa.

Shi ba jarumi ba ne. Ko dogari ya hango tafe sai gabansa ya faɗi. In yara suka yi masa waƙa, sai ya sake hanya. Cikin abin da aka koya masa, guda ya riƙe gam: mai bin Almasihu ba shi da ikon kansa, inda aka aike shi can zai nufa, ko ransa ba ya so.

Shekarar da agana ta shigo ƙasar Wurno, wasu fatake daga Goronyo za su Rabah suka bar ɗayansu a gindin tsamiya, bakin hanyar fadama, suka kora jakunansu. Atiku sunansa. Ƙuraje sun cika masa fuska har idonsa ba ya buɗuwa. Kowa ya riƙa kewaye wurin, hanci a toshe. Mainasara ma ya kewaye, ya je ya fara ban ruwa, amma daga nan yana jin mutumin yana roƙon ruwa. Ya durƙusa tsakanin kunyoyin albasa ya roƙi Allah ya turo wani. Har rana ta take ba wanda ya zo. Sai ya ajiye guga, ya je ya goya shi, ya nufi bukkarsa.

Halliru ya tare shi daga nesa.

"Mi kaka yi haka? In yam mutu hannunka, cewa za a yi kai kak kashe shi. Wa ka tsaya maka gaban alƙali?"

"Yaya, ni ma tsoro nika ji. Amma an ce in ɗauke shi."

"Wa yac ce?"

"Wanda nika bi."

Mainasara ya yi ta jinyar Atiku, yana ɗiga masa kunu da ludayi, yana korar ƙuda da reshen dogonyaro. Kullum da safe sai ya shafa nasa wuyan da hannayensa ya ji ko shi ma ƙurji ya fito masa. Da Atiku ya farfaɗo ya gane bukkar wanda yake ciki, shi ma tsoro ya kama shi. Ya roƙe shi kada ya bari ya mutu a wajen addininsa. Mainasara ya yi masa alkawari, ya juya masa shimfiɗa ta fuskanci alƙibla.

Ranar da numfashin Atiku ya fara sarƙewa, Mainasara ya ruga gidan liman, Malam Shittu, wanda bai taɓa yarda su haɗa ido ba. Liman ya zo ya tsaya bakin ƙofa yana laƙƙana masa kalmar shahada har ya cika. Ya nemo mutane waɗanda suka taɓa yin agana suka tashi, su suka yi masa wanka da sutura.

Ba a daɗe ba cutar ta kwantar da Mainasara. Albasarsa ta bushe a fadama. Larai matar Halliru ce ke ajiye masa kunu a bakin zana ta koma da sauri. Ya tashi, amma idonsa na hagu ya tafi.

Bayan damina wasu mutane suka zo daga Goronyo, dogarin hakimi na gabansu. Mainasara ya ɗauka kama shi aka zo yi. Babbansu, Lauwali, wan Atiku ne. Kabari kawai ya ce a nuna masa, ya kuma tambaya ko ƙanensa ya cika da kalma. Mainasara ya ce a tambayi liman. Lauwali ya dube shi, sannan ya ce, "Allah shi saka maka," suka juya.

Bai ƙara iya noman fadama shi kaɗai ba, ya koma kiwon awakin unguwa. Ya rasu kafin Turawa su tafi. Wasu masu bin Almasihu suka zo daga Sakkwato suka yi masa addu'a, Halliru ne ya haƙa kabarin.