Ɗan Farin Asama'u

Asama'u na tsugune bakin murhu tana juya kifi a cikin mai, hannun hagu riƙe da gefen zane don kada tartsatsi ya taɓa shi. Haka take kowace safiya a Lolo, tun kafin a buɗe rumfuna. Ranar kasuwa masu zuwa daga Kamba da Sharabi, da 'yan ƙetare na Madekali, duk sun san kaskonta, don ba ta sa yaji sai mai saye ya nema, kuma ba ta soya kifin da ya kwana. Mace ce gajera, mai ƙarancin magana. Tana dariya, amma sai ta kauda kai, kamar wadda ta ari dariyar za ta mayar.

Uwarta Bafillata ce ta rugagen Bagudo, kuma daga wajenta ta ɗauko kunyar ɗan fari da ƙarfinta. Tun ranar da aka raɗa wa jaririn suna Sufyan, sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ba ta goya shi gaban mutane, ba ta yaba shi, in aka yabe shi ta canja zance. In tana son aikensa sai ta ce wa ƙanwarsa Safina ta gaya wa yaron nan ya ɗebo ruwa, alhali yaron nan na tsaye a gabanta. Shi ma ya saba. Yakan amsa wa Safina da murmushi, ya ɗauki jarka.

Sufyan ya taso ramamme, mai yawan tari. Yara na tsere a bakin kogin Kwara, shi yana tsaron takalmansu. Sai Bunyaminu tela ya dawo gida daga Kandi ta ƙasar Benin, inda ya koyi ɗinki, ya kuma koyi kareti a hannun wani tsohon soja. Ya share fili bayan shagonsa, ya ɗinka wa yara fararen kaya da kansa, yana lissafa musu motsi da Faransanci, su kuma suka sa masa suna Metir, wato malam da Faransanci. Dattawa sun yi dariya da farko, suka ce ga dambe ga kokawa, me za a yi da faɗan da ake fara shi da sunkuyawa. Sufyan ya shiga. Ba a daɗe ba kafaɗunsa suka buɗe, tafiyarsa ta miƙe kamar karan dawa da ya sha ruwan farko. Kafin ya cika sha bakwai, shi ke tsayawa gaban sahu in Metir yana da ɗinkin gaggawa.

Washegarin ranar da ya kayar da wani ƙato daga Madekali a wasan sada zumunci, ƙawar Asama'u, Jummai mai fura, ta zo har bakin kasko tana rangaji.

"Ke Asama'u, ɗanki ya sa na ƙetare cin ƙasa jiya, ko ɗan murmushi ba ki yi muna?"

"Wane ɗa? Ni kihi nika saidawa. In saye za ki yi, ki saya."

"To ba ni na ladan albishir."

"Albishirin naki ko ƙaya bai kai ba."

Amma ta naɗe mata babban yanki a takarda, ta kauda kai.

Mutuwar ta zo wata ranar Laraba da yamma. Ya dawo daga fili, ya yi wanka, ya yi sallar la'asar, ya jingina da bango yana gyara wa Safina igiyar takalmi. Ya ce ƙirjinsa na masa nauyi. Kafin mahaifinsa Lawal ya samo babur, Allah ya karɓi abinsa. Ba ciwo a jikinsa, ba kumburi. Ma'aikacin lafiyar da ya duba shi ya ce zuciya ce ta tsaya, fiye da haka bai sani ba.

Gari kuwa ya san abin da ma'aikacin bai sani ba. Tun a zaman makoki aka fara cewa shuri ne ya same shi a ƙirji aka ɓoye. Wasu suka ce faɗan baƙi ba ya karɓar jininmu. Bunyaminu ya zo ta'aziyya ya zauna can ƙarshen tabarma, mutane suka riƙa matsawa kaɗan kaɗan har ya rage shi kaɗai da inuwarsa. Ya rufe shago. An ce yana zama cikin duhu, keken ɗinki a rufe da tsumma, yana cewa in ma ba shi ya kashe yaron ba, shi ya sa shi gudu. Iyaye suka janye 'ya'yansu. Mai unguwa Atiku ya sa rana a zaurensa don a yanke ko za a rufe filin, kuma kowa ya san in aka rufe, Bunyaminu ba zai iya zaman garin ba.

A cikin gida Asama'u ta karɓi gaisuwa yadda uwar ɗan fari ke karɓa. Idonta a bushe, tana cewa Allah ya ba, Allah ya karɓa, tana tambayar ko baƙi sun sha ruwa. Tsofaffin mata suka yaba mata. Safina ce kaɗai ta ga ta wanke farin kayan nan da babu mai sa su, ta shanya su bayan ɗaki inda ba a gani.

Ranar taron zauren ya cika da maza. Lawal na gefe, ya kasa ɗaga kai. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce abin da dattawa suka yanke. An yi magana mai yawa, mafi yawanta a kan Bunyaminu. Da aka ba shi dama, cewa ya yi ba shi da ja, zai tattara kayansa. Mai unguwa ya gyara zama zai rufe zancen, sai aka ji sallamar mace daga ƙofa.

Ta cire takalmi, ta durƙusa daga bakin ƙofa, lulluɓinta na ƙamshin hayaƙin itace. Ta gaida mai unguwa, ta gaida dattawa, ta nemi izinin mijinta da ido. Atiku ya ce mata ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Ranka shi daɗe, Sufyan ɗana na. Ni na haihe shi."

Akwai tsofaffi a wurin da suka halarci sunansa, kuma ba wanda ya taɓa jin haka daga gare ta. Lawal ya rufe fuska da hannun riga.

Ta ci gaba a hankali, ba ta kallon kowa. Ta ce tun yana jariri leɓunansa kan yi duhu in ya yi kuka, ungozoma ma ta ce kada a sa rai da yawa. Ta ce kowa ya ga ranar da ya tafi, amma ita ta san shekarun da ya yi yana tsoron ƙasa ta girgiza in ya taka. Ta ce in ta taso daga bakin ruwa da daron kifi, ba hanyarta ba ce ta bi ta bayan shagon tela, amma nan take bi. Ba ta taɓa tsayawa ba. Rage sauri kawai take yi, ta ji muryarsa tana jan ta sauran yara, ta wuce.

"Ina wucewa na ga ɗana ya kada ƙato, ya miƙa mai hannu ya tashe shi. Wanda ya koya mai haka bai kashe shi ba. Kwanan ɗana na ya ƙare." Ta ɗan juya wajen Bunyaminu. "Metir, ka buɗe shagonka. Allah shi saka maka."

Bunyaminu ya sunkuyar da kai.

Wani dattijo da ya fi kowa zafi ɗazu ya yi gyaran murya ya ce shi dama ji ya yi ana faɗi. Mai unguwa ya daɗe yana shafa gemu. Daga nan ya ce tunda mai ɗa ta yi magana, ba mai sauran ta cewa. Filin na nan, uban da ya so ya kai ɗansa, wanda bai so ba ya bari, amma kada ya ƙara jin an ɗora wa bawan Allah jinin da bai zubar ba. Aka shafa fatiha.

Asama'u ba ta jira a yi mata godiya ba. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta gyara lulluɓi. Mazan da ke bakin ƙofa suka ja ƙafafunsu suka ba ta hanya, ta zura takalmanta, ta fita cikin rana kanta a ɗage.