Kwaɗon Goggo Iyatu da Rantsuwar Mijinta

Goggo Iyatu ƙanwar mahaifina ce. Tun ina ƙarami kwaɗo take sayarwa a ƙauyenmu, kusa da Bunkure: da damina tafasa da rama, da rani busasshen zogale. 'Ya'ya bakwai ta haifa, Lukmanu kaɗai ya rayu. Ba ta da yawan magana. In ta ɗanɗana girkin wata bai yi mata ba, ruwa kawai take nema ta sha.

Da na dawo daga karatu a Ibadan cikin 1976, na tarar ruwan madatsar Tiga ya iso har bayan gari. Katafila ta baje gonaki, an sake yanka su, Lukmanu ya samu fili a bakin magudana. Mijin Goggo kuwa, Baba Jaji, ranar da aka tumɓuke ɗorawar gonar ubansa ya rantse da Allah a gaban jama'a, ba zai ci abin da ruwan nan ya shayar ba.

Ya riƙe maganarsa. Tumatir da albasa da alkama suna shigowa gidan, shi sai tuwon dawa da miyar kuka. Ya rame, dasashinsa na jini, tuwon ma ya koma yana ture shi. Malamin asibiti a Kura ya ce ɗanyen ganye jikinsa ke nema. To a tsakiyar rani ina kore in ba bakin ruwan ba? Liman ya gaya masa mafita: ya ciyar da mabuƙata goma, kaffarar rantsuwa ke nan, ya ci abinsa. Baba Jaji ya ce shi ba zai bari gari ya ce yunwa ta lanƙwasa shi ba.

Wata Juma'a da hantsi na shiga gaida Goggo, na same ta gaban babbar ƙwarya. Latas ne daga filin Lukmanu, wanda ya tsufa ya fitar da kara, 'yan kasuwa sun ƙi shi saboda ɗaci. Ta yayyage shi da hannu, ta yanka gwandar da ba ta gama nuna ba, da tumatir da albasa. A ƙaramin kwano ta zuba man gyaɗa, ta matse lemun tsami, ta sa gishiri da barkono da dakakken ƙuli, ta yi ta burgawa har ya haɗe. Na tambaye ta me ya sa ba ta nemi sabon latas ba.

"Bakin maigida ya mutu," in ji ta. "Ɗaci ne zai tashe shi."

A murhu ga tukunyar dambu. A zaure kuma 'yan cirani goma ne zaune, masu yashe magudana, Lukmanu ya kira su. An kai musu akusa a rufe.

Baba Jaji ya ji muryoyi daga ɗaki. "Iyatu, biki ake a gidan nan?"

"Baƙinka ne, Malam. Na ce kada su buɗe sai maigida ya yi magana."

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa. Girki nawa ne, niyya taka ce. In ba ka so, a sallame su da yunwarsu."

"Ke dai tsohuwar nan, makira ce ke!"

Daga zaure wani ya ɗaga murya: "Baba, a taimaka, dambun nan na hucewa!"

Na sha tunanin abin da ya sa ta bi ta nan. Ta san mijinta. Janye magana don cikinsa abin kunya ne a wurinsa, amma korar baƙo daga bakin akushi ya fi wannan muni.

Ya fito yana dafa bango, ya tsaya a ƙofar zaure ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ce, "Na yi niyya. Bismillah."

Da ya koma tabarmarsa, Goggo ta ajiye masa kwaɗon a ƙoƙo. Ya kai loma, ya yamutsa fuska.

"Ɗaci."

"To ajiye mana."

Ya jawo ƙoƙon kusa da gwiwarsa. "Ƙaro gwandar," ya ce.